Jinyar Jar Rana

Da sunan Wanda Ya kunna fitilun sama ba da mai ba, Ya rataye su ba da igiya ba, Ya yanka wa kowace ajalinta tun ba ta fara haske ba. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Arzika, mutumin ƙasar Gindin Ja, wanda aka aika neman magani ya dawo hannu rabbana. Wanda ya ji labarina ya ga wautarmu, ya yi dariyarsa, ban hana shi ba. Ni ma na yi tawa kafin in yi kuka.

Ƙasarmu tana ƙarƙashin wata rana ce ja, ƙatuwa, wadda in ta fito takan cinye sulusin sama. Kakannin kakanninmu makiyaya ne, da idon makiyayi kuma suka zaɓe ta. Sun zagaya Baƙin Kogi, wato duhun nan da ke tsakanin taurari, suka nemi wadda ta fi kowace girma da ƙiba, yadda ake zaɓen bijimi a kasuwa. An ce a lokacin shuɗiya ce kamar sabon rini. Mu dai ja muka tarar da ita, muna kiranta Tsohuwa. Ba bauta mata muke yi ba, Allah Ya kiyaye. Maƙwabciya muka ɗauke ta wadda ta daɗe tana ɗumama mu, maƙwabci kuwa yana da haƙƙi.

A wurinmu babu abin kunyar da ya kai barin mara lafiya. In mutum ya kwanta, unguwa duka takan kwanta da shi. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakinsa, a dama kunu, a yi masa fifita, kuma ba mai zuwa ko da kasuwar ƙauye har sai ya miƙe ko an kai shi makwancinsa. Wanda ya tsallake mara lafiya ya yi tafiya, ba a cin abinci a kwanonsa, ba a gaishe shi a hanya. Har sarautar wannan aiki muke da ita, Sarkin Jinya, a zamanina kuma Baba Dogara ne yake riƙe da ita.

Ina saurayi Tsohuwa ta fara tari. Haka muka kira abin. Sai ta dushe kamar an rufa mata bargo, ta fesar da baƙin hayaƙi, bayan wasu watanni ta dawo ta fi da kumburi da zafi. Rijiyoyi suka ja baya, gero ya ƙi yin tsaba. Baba Dogara ya tara gari ya ce, “Jama'a, Tsohuwa ba ta da lafiya. Kowa ya san abin da ake yi.” Kowa kuwa ya sani. Muka kwashe daga kwari inda ake da sauran inuwa, muka koma kan dutse don mu fi kusa da ita. Maƙera suka kashe wutarsu kada su ƙara mata zafi. Kullum da safe manya da yara su hau soro, kowa da maficinsa, suna yi wa sama fifita suna cewa, “Sannu Tsohuwa, ya jiki?”

Mahaifiyata, Inna Yalwa, ita ce gaba-gaba. Ita ta yi jinyar ubana har ya cika, ita ta yi ta rabin tsofaffin garin, ba ta taɓa tashi daga kan tabarma kafin a gama ba. Al'ada ta yarda mutum ɗaya tak ya yi tafiya lokacin jinya, shi ne mai neman magani, aka zaɓe ni. Da na je sallama Inna ta ce, “Nomau, kada kanka ya kumbura. Ba don hankalinka aka zaɓe ka ba, surutunka ne yake damun mara lafiya. Je ka nemo mata magani.” Na dubi hannunta da ke riƙe da mafici, na ga fatar ta fara saɓulewa saboda zaman rana. Gaskiya ba Tsohuwa ce a raina ba, Inna ce. Na san ba za ta sauko daga soron nan ba sai rana ta warke, don haka dole in samo magani.

Na bi wani madugu mai suna Cindo, wanda yake fataucin gishiri tsakanin taurari. Jirginsa ba ya amfani da dabba ko wuta. Wani farin mayafi mai santsi ake shimfiɗawa a kansa, haske ya buge shi ya tura jirgin gaba. Baƙin Kogi kuma yana da mashigai, wanda ya san su yakan yanke tafiyar shekaru cikin kwanaki. Madugu Cindo mutum ne mai tsadar magana. Da na gaya masa abin da nake nema, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Na taɓa ɗaukar mai neman maganin sanƙo. Shiga, akwai wuri kusa da buhuna.”

Zangonmu na farko ƙasar Shuni. Ranarsu shuɗiya ce, haskenta yana ratsa fatar ido ko an rufe, mutanenta kuma a ƙarƙashin ƙasa suke zaune, sai da yamma suke leƙowa. Ina ganinta murna ta kama ni, na ce ga lafiyayyiyar rana, ko me ake ba ta shi zan kai gida. Aka nuna mini gidan Gwani Ilu, babban malamin taurari na fadar sarkinsu. Ya saurare ni har na gama, bai yi dariya ba, abin da ya sa na ji ina girmama shi ke nan.

Ya ce, “Ɗana, kowace rana murhu ce, itacenta yana cikinta, ba mai ƙara mata. Ƙarama takan ci nata a hankali, ta daɗe har a manta farkonta. Babba kuwa nauyinta yana danne cikinta, wutar ta ruru, ta cinye rumbunta tun tana yarinya. Tamu ɗin nan da kake sha'awa, ba lafiya ce take sa ta wannan ƙyalli ba, almubazzaranci ne. In itacen ya ja baya za ta kumbura, fatarta ta huce ta koma ja. Taku ta riga tamu shiga layi ne kawai.”

Na ce, “Allah Ya gafarta Malam, to me ake ba su?”

Ya ce, “Ban taɓa jin an ba su komai ba. Amma ni ƙuruciyarsu na sani. Ka je wurin waɗanda suka ga tsufa.” Ya rage murya ya ƙara da cewa, “Wannan magana kuma ta tsaya a ɗakin nan. Sarkinmu ba ya son ta.”

Da na riƙe bakina da ban sha wahala ba. Amma ni ɗan Gindin Ja ne, ba a gaya mini mutum yana da mara lafiya a gida in wuce shi ban yi masa sannu ba. Da aka kai mu gaisuwa fada, na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, ya mai jiki? Na ji ranarku ba mai nisan kwana ba ce. Allah Ya ba ku haƙurin jinya.” Sarki ya tambayi na kusa da shi ko ni mahaukaci ne, aka ce a'a, baƙo ne. Ya ce to a kai baƙo Farin Fako da tsakar rana, ya duba jikin mara lafiyar da kansa.

Farin Fako wani shimfiɗaɗɗen dutse ne wanda ba inuwa ko ta kara iyakar ganin ido. Ba sa ɗaure wanda suka kai can, don babu inda zai gudu, su kansu dogarai kafin rana ta ɗaga sun koma rami. Madugu Cindo ya zo wurinsu fuskarsa a murtuke ya ce, “Ku kashe shi, bakinsa ne ya ja masa. Amma a garinsu ba a mutuwa babu likkafani. Ku bar ni in lulluɓe shi.” Suka yarda. Ya ciro ɗaya daga mayafan jirginsa ya naɗe ni da shi, ya ƙulla gefunan a wuyan hannuna da idon sawuna, ya raɗa mini, “In ka ji ƙeyarka ta fara toyuwa, buɗe hannu da ƙafa, ka rufe bakin nan.”

Haka na yi. Hasken da ya buge dutsen ya dawo sama ya cika mayafin, na ji an fizge ni, na tashi ina wulwulawa kamar zanen da guguwa ta ɗauke daga igiyar shanya. Ban rufe bakin ba, ihu na yi ta yi har Madugu ya biyo ni da jirgi ya cafke ni da ƙugiyar ɗaga buhu. Gashin ƙeyata bai sake fitowa ba har yau.

Daga nan muka faɗa ƙasar Toka. Ranarsu fara ce, ƙarama ƙwarai, in ka miƙa hannu ƙwayar gero za ta iya rufe ta, kewaye da ita kuma akwai wani zobe na hayaƙi mai launi-launi da ya baje cikin sama. Sanyi ne a can wanda ban taɓa jin irinsa ba. Mutanen ƙasar ba sa tambayar baƙo sunansa sai sun zaunar da shi a tsakiyarsu sun ɗumama da jikinsa. Wata dattijuwa mai suna Dela, wadda ita ke riƙe da tarihin garin, ta sauke mu. Na kwashe labarina na gaya mata haƙorana suna karo.

Ta ce, “Tamu ma ta yi haka a zamanin da. Ta kumbura ta yi ja, ta haɗiye ƙasashe biyu da ke kusa da ita. Kakanninmu suka ja da baya can nesa suka jira. A hankali ta tuɓe rigarta ta yar, wancan zoben da kake gani ke nan, ta bar ƙwayar cikinta. Ba ta cin itace yanzu, garwashi ce kawai tana hucewa. Muka dawo muka raɓe ta.”

Na miƙe tsaye don murna. Na ce, “Ashe ana tashi! Iya, ashe haƙuri ne maganin!”

Ta ja ni na zauna, don na tafi musu da ɗumi. Ta ce, “Tsaya tukuna. Taku da tana yarinya, rawaya ce ko shuɗiya?”

Na ce, “Shuɗiya, in ji kakanni. Sun ce babu kamarta a girma.”

Ta ɗaga kai ta dubi zoben. Can ta ce, “Tamu rawaya ce, matsakaiciya. Irinta su ke mutuwar kwance. Manyan ba haka suke tafiya ba. Cindo, kai shi Kufai ya gani, ni bakina ba zai iya ba.” Abincin da aka kawo ma ban taɓa ba.

Kufai ba ƙasa ba ce. Wani gajimare ne na ƙura da hayaƙi, ja da kore da ruwan hoda, wanda faɗinsa ya fi ƙarfin ido. A tsakiyarsa akwai wani ɗan dunƙule da bai fi girman gari guda ba, yana juyi da gudu, yana watsa wata bulalar haske da ke zagayawa tana share duk abin da ta tarar. Jirgin da bulalar ta taɓa, mutanen cikinsa ba sa kai gobe. Hanyarmu kuma ta nan ta bi.

Madugu ya miƙo mini ƙwaryar da muke shan ruwa da ita ya ce, “Ba ka da amfani a igiya, amma ka iya surutu, watakila ka iya kiɗa. Duk wucewar bulala ka buga sau ɗaya. Kada ka yi sauri don tsoro.” Na kifa ƙwarya na fara bugawa. Ba a jima ba na gane abin ba ya saɓa lokacinsa ko kaɗan, ya fi kowane makaɗi riƙe kiɗa. Madugu ya rufe ido yana bin sautin. In na buga ya saki mayafi mu zabura, kafin bugu na gaba ya laɓe da mu bayan wani guntun dutse. Haka muka yi ta tsalle daga dutse zuwa dutse har muka fita. Da muka tsira ya karɓe ƙwaryarsa ya duba ko na fasa masa.

A gefen gajimaren muka tarar da sansanin masu tsintar ƙarfe, shugabansu wani mai ido ɗaya ana ce masa Korau. Ya ɗauko wani dunƙulen ƙarfe ya ɗora mini a hannu ya ce, “Ga abin da ya kashe ta. A nan akwai rana irin taku, ja, ƙatuwa. Da itacenta ya ƙare sai ta koma cin tokarsa. Tokar ta ƙare, ta ci tokar tokar. Kowane ci ya fi na baya gajarta, har ta iso kan ƙarfe, ƙarfe kuwa ba ya ci. Ranar da cikinta ya zama ƙarfe, wutar da ke tokare da nauyinta ta tsaya. Kafin ƙiftawar ido ta rufta cikin kanta, ta tarwatse. Wancan mai juyin shi ne abin da ya rage.”

Na ce, “Ƙasashen da ke kewaye da ita fa?”

Ya nuna ƙurar da hannu ya ce, “Ga su nan kana shaƙa.”

Na tambaye shi yaushe tamu za ta yi haka. Ya ce, “Wannan sai Allah. Tari da hayaƙi alamar nisa ce, amma daga waje ba a ganin abin da take ci a ciki. Tana iya kaiwa jikokin jikokinka, tana iya ƙin kaiwa baɗi. Ni dai ba zan shanya rigata a ƙarƙashinta ba.” Sa'an nan ya juya da ni wani gefen, inda ƙurar ta taru ta yi kauri. A cikinta na ga wasu ƙananan haske suna fitowa kamar an hura gawayi. Ya ce sababbin ranaku ne, daga ƙurar tsohuwar ake gina su, kuma ƙarfen fartanyar ubana ma daga irin wannan wuri ya fito. Abin mamaki ne, amma a lokacin bai shiga kaina ba. Inna kawai nake gani a kan soro da maficinta.

A hanyar komawa na roƙi Madugu ya kai ni wurin rana mafi ƙanƙanta da ya sani. Ya kai ni ƙasar Ƙyasta, inda ranarsu ja ce ita ma amma 'yar mitsitsiya, haskenta kullum kamar na bayan la'asar. Kakanninmu da sun gan ta ko tayawa ba za su yi ba. Mutanen wurin suka ce tun da aka san duniya haka take, ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba, malamansu kuma sun ce ko kashi ɗaya na rumbunta ba ta ci ba. Suna da fili, ba su da hannun noma. Suka ce in kawo mutanena.

Na iso gida na tarar Tsohuwa ta ƙara kumbura, dutsen da aka koma kansa ya tsattsage, an binne yara da dama. Gari duka ya taru a gaban Baba Dogara, ga Inna a gefe ta rame, idonta ɗaya ya yi fari. Baba Dogara ya ce, “Sannu da hanya, Nomau. Ina maganin?”

Na ce, “Baba, babu magani.” Na faɗi duk abin da na gani, ban rage ba. Na ce ga jiragen fatake Madugu ya tara a mashigi, ga ƙasa an ba mu, mu tashi.

Ya ce, “Yau za ta cika ko gobe?”

Na ce, “Ba wanda ya sani.”

Ya ce, “To ka ji. Mara lafiya yana numfashi, ba a san ranarsa ba, ka ce mu naɗe tabarma? Ta ɗumama kakanninmu tana da ƙarfi, mu gudu da ta tsufa? Wa zai ci abinci a kwanonmu a can inda za ka kai mu?” Jama'a suka ce gaskiya ne. Ko cikin matan da ke goye da yara ba wadda ta motsa. Na yi magiya, na yi faɗa, har na ce musu rana ba ta jin sannu, ba ta san da mu ba. Wannan ya ƙara ɓata abin, wani ya jefe ni da mafici.

Sai Inna ta ce a kama ta ta miƙe. Ta ce, “Dogara, ni da kai wa ya fi daɗewa a kan tabarmar jinya?”

Ya ce, “Ke ce, Yaya Yalwa.”

Ta ce, “To na tambaye ka. In ciwo ya yi nisa, numfashi ya fara sarƙewa, wa ake bari a ɗaki?”

Ya ce, “Manya.”

“Yara da masu ciki da masu shayarwa fa?”

“Fitar da su ake yi.”

“Ana cewa sun gudu?”

“Ba a cewa.”

Ta ce, “To yaron nan surutu gare shi amma ba ya ƙarya. Ciwo ya yi nisa. A fitar da yara daga ɗaki. Duk wanda bai yi furfura ba yaro ne, ya bi jirgi, ya tafi da iyayen goyo. Mu da muka yi, mun isa mu riƙe mata hannu.” Ta koma ta zauna ta ɗauki maficinta.

Haka aka yi, cikin kwanaki kaɗan gari ya kwashe. Na yi murna rabin yini, kafin in gane abin da ta yi mini. Na hau soro na durƙusa a gabanta na ce, “Inna, don ke na tafi. Ba don gari ba, ba don Tsohuwa ba. Tsofaffi sun yi yawa a nan, ba za a rasa ki ba. Ki taso.”

Ta ce, “In na taso, maganata ta zama dabara, kowa ya sauko daga jirgi. Ka sani, na sani.”

Na ce, “To ni ma na zauna.”

Ta shafa kaina ta ce, “Ina furfurar? Ko gashin ma ka baro rabi a hanya. Tashi ka ba ni wuri, kana tare mata iska.” Na yi kuka kamar yaron goye, ita ko gezau. Sai da na kai bakin tsani ta kira ni ta ce in riƙa cin abinci a kan lokaci.

Muka sauka a Ƙyasta, muka yi noma, muka yi gari. Da damina ta wuce na nemi Madugu Cindo ya mai da ni in ɗauko ta ko da ɗaure ta zan yi. Muka je muka tarar mashigin ya toshe, jirgi ba ya wucewa. Na sake gwadawa da wasu madugai bayan shi ya rasu, duk ba a dace ba. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne daga Ƙyasta ana hango Tsohuwa, tauraruwa ja a gefen gabas, tana nan yadda take. Na ce tun da tana nan, su ma suna nan. Na yi aure, na aurar da 'ya'ya, na yi furfura, ina dubanta ina cewa watakila baɗi hanya ta buɗe. Ko da lissafi ya nuna mini Inna ba za ta kai waɗannan shekaru ba, na ce aƙalla ta mutu a kan shimfiɗarta an yi mata sutura.

Wata rana da hantsi ina zaune a ƙofar gida ina gyaran igiya, sai na ga inuwata ta zama biyu. Na ɗaga kai. A gefen gabas wani farin haske ya fito da rana tsaka, ya fi ranar Ƙyasta kanta ƙarfi. Mutanenmu suka fito daga gonaki suka tsaya cirko-cirko. Ba wanda ya tambaya ko mene ne.

Malamin taurarin Ƙyasta ya zo har gida ya zauna kusa da ni. Na ce, “Malam, yau ta cika.” Ya ce, “Ba yau ba, Baba Nomau. Haske ma matafiyi ne, kuma shi ba ya bin mashigi, doguwar hanya yake bi. Wannan da kake gani ya baro can tun da daɗewa.” Na ce tun yaushe. Ya yi ɗan lissafi da yatsu ya ce, “Wajen shekarar da kuka sauka nan. Ina jin abin da ya toshe mashigin ke nan.”

Ashe ko girbinmu na farko ba mu kai rumbu ba. Ashe duk shekarun nan da nake neman hanya, ba kowa a ƙarshenta.

Na sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutanen Gindin Ja suka zo suka zauna, jikokin waɗanda aka fitar daga ɗaki, da yawa ba su taɓa ganin fuskarta ba. Suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna cewa, “Baba, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Inna.” Na girme ta yanzu nesa ba kusa ba, amma da na buɗe baki in amsa, muryar yaro ce ta fito.

Nan labarin Nomau ɗan Arzika ya tsaya. Wanda ya ji, ya sa Inna Yalwa da waɗanda suka zauna tare da ita cikin addu'a.